Daga Kankiya Zuwa Kusada a Kan Silinda Uku

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san Kankiya, ko da bai taɓa kwana cikinta ba. Gari ne na mararraba: babban titi ya ratsa shi, wata hanya ta yanke yamma zuwa Dutsin-Ma, wata ta yi gabas zuwa Ingawa. Shi ya sa ba a raba bakin titinsa da motocin haya, masu shayi, masu faci, 'yan bumburutu da galan-galan ɗinsu, da kanikawa a gindin itatuwan bedi. Daga Katsina kimanin kilomita 60 ne. Yawancin matafiya abin da suka riƙe game da garin bai wuce makarantar koyon aikin lafiya da babban asibiti ba, sai kuma wurin da direba ke rage gudu saboda cunkoso. Amma ga wanda mota ta ba matsala a tsakanin manyan biranen nan biyu, Kankiya wurin samun agaji ce.

Ɗaurin aure ne ya taso mu daga Katsina ranar wata Asabar cikin kaka, ni da kawuna, ƙanin mahaifiyata. Shi ne wakilin ango, sadaki da goro da alawa duk suna hannunsa, kuma a Kusada za a shafa fatiha bayan sallar azahar. Kawu tsohon direba ne. Ya ja 504 ta haya tsakanin Katsina da Kano tun zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, yake cika titunan Arewa da su. Yanzu ciwon gwiwa ya raba shi da tuƙi, amma kunnensa na nan daram. Motata kuwa 'yar Kwatano ce mai silinda huɗu da giyar hannu, ƙirar farkon shekarun 2000, wadda ta ci zamaninta a Turai kafin ta iso hannunmu.

Mun wuce Caranci lafiya lau. Muna dab da Kankiya na ba da sigina zan wuce wata tirela, na taka totur, sai motar ta yi shessheƙa maimakon ta zabura. Sitiyari ya ɗauki rawa a hannuna, kujera ta ɗauka, fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ta shiga ƙyaftawa a allon gaban direba.

"Saki totur, koma hannunka," in ji Kawu, ko allon bai kalla ba. "Fulogi ɗaya ba ya ci. Ba ka ji salansa ba?"

Na koma bayan tirelar, na sauke gilashi. Sai na ji abin da ya riga ni ji. Ƙarar da na saba ji sumul ta koma fat-fat-fat, tana yankewa tana haɗewa, ga warin ɗanyen fetur yana shigowa ta taga.

Wanda ya taɓa ganin mata huɗu suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya fahimci injin mota. Kowace taɓarya da lokacin saukarta, wata na ɗagawa wata na faɗawa, har sautin ya haɗu ya zama kiɗa. In ɗaya ta tsaya, ko daga bayan katanga za ka gane. Haka fistin huɗu suke a cikin silinda huɗu. Kowanne yana zuƙo iska da fetur, ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa shi ƙasa, sannan ya dawo ya kori hayaƙi. Wannan tsari mai bugu huɗu shi ne wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a 1876, kuma har yau a kansa ake. A mafi yawan injuna masu silinda huɗu, na ɗaya ne ke fara ci, sai na uku, sai na huɗu, sai na biyu. In ɗaya ya ƙi kamawa, kanikawa sukan ce mota tana misin. Asarar ƙarfin kuma ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu, domin fistin da bai ci ba bai daina hawa da sauka ba. Sauran ukun su ja mota, su kuma ja shi.

Garejin da muka tsaya ba shi da allo, ba shi da katanga. Inuwar bedi ce, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ga akwatin ƙarfe cike da sifana, ga wani inji a kwance a kan tsohuwar taya yara biyu suna wanke shi da kananzir. Maigidan wurin magidanci ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya rusuna ya gaida Kawu, ya sa yaro ya kawo masa benci, sannan ya ce mini, "Malam, bar ta a kunne, buɗe mani bonet."

Tambaya biyu kawai ya yi: ina na sha mai, kuma yaushe rabon a canja fulogi. Ta farkon ba ta banza ba ce. Masu motoci ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur daga Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa, har gwamnati ta janye shi daga kasuwa, layukan mai suka dawo gidajen mai na tsawon makonni. Ban da wannan, akwai ruwa da datti da ke shiga mai a tanki ko a galan. Amma ya saurari injin na ɗan lokaci ya girgiza kai. "Ba mai ba ne. Mugun mai ba ya zaɓen silinda, duka yake kamawa. Wannan ɗaya ne, kuma wuri ɗaya yake yankewa."

Abin da ya yi daga nan ya cancanci a kalle shi da kyau, domin ilimi ne tsantsa ko da ba a aji aka koye shi ba. Silinda ba ya buƙatar abin da ya wuce uku: wuta, mai, da matsi. In ya ƙi ci, ɗayansu ne ya ɓace. Motar tana kan silo tana karkarwa, sai ya zare soket ɗin kwayil na silinda na ɗaya. Nan take injin ya ƙara sukurkucewa, ya kusa mutuwa. Ya mayar. Ya zare na biyu, haka. Da ya zare na uku, ko gezau, ƙarar ba ta canja ba. Ya dube ni ya ce, "Ga shi nan. Wanda ka cire ba a yi kewarsa ba, dama ba ya aiki." Bai tsaya nan ba. Ya kashe motar, ya kwance kwayil na uku ya musanya shi da na biyu, ya sake tayarwa. Ciwon ya bar na uku ya koma na biyu. Da a ce fulogi ne, ko nozul, ko bawul ya ƙone matsi yana zurarewa, da ciwon ya zauna inda yake. Tunda ya bi kwayil, kwayil ne.

Ya miƙo mini shi, ya nuna mini da farce wani siririn layi a jikin doguwar robar, inda wuta ke tsallakewa ta bi jikin inji maimakon ta isa bakin fulogi. Sannan ya zaro fulogin na uku. Jiƙe yake sharkaf da fetur, bakinsa ya cinye, tazarar da tartsatsi ke tsallakawa, wadda ba ta kamata ta wuce milimita ɗaya da ɗan abu ba, ta buɗe sosai. Kwayil na ɗaukar wutar batir mai bolt 12 ya mayar da ita dubbai masu yawa don ta iya tsallake wannan tazara. Duk lokacin da tazarar ta ƙaru, aikin kwayil ƙaruwa yake, har ya gaji ya fashe. Tsohon fulogi mai araha shi ke kashe kwayil mai tsada.

Abin da ya ba ni tausayi shi ne, duk wannan bincike motar ta riga ta rubuta shi a cikinta. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su ɗauki kwamfutar da ke lura da lafiyar inji, Turai kuma ta bi sahu a kan motocin fetur a 2001. Akwai wani ɗan soket a ƙarƙashin sitiyari; in aka jona na'urar karantawa, lamba take bayarwa. P0303 na nufin silinda na uku yana misin, P0301 na ɗaya, P0300 kuma na nufin ciwon yawo yake ba wuri ɗaya ba. Bakaniken ya san da haka sarai. Ya ce yana da niyyar sayen na'urar, amma kuɗin da ya tara sai wata lalura ta gida ta taso. Hannunsa da kunnensa sun fitar da mu a wannan rana, sai dai motocin da ke shigowa yanzu suna daɗa zama waya da kwamfuta, kuma akwai ciwon da kunne ba ya kamawa. Bakaniken ƙaramin gari da ya kai wannan ƙwarewa bai cancanci a bar shi yana lalube ba.

An aika yaro shagunan kayan gyara na cikin gari, ya dawo hannu rabbana. Akwai fulogi, akwai kwayil na Golf da na wasu motocin da ke yawa a tasha, amma babu irin nawa. Sai bakaniken ya ɗauki hoton lambar da ke jikin kwayil ɗin ya tura wa wani abokin hulɗarsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Cikin 'yan mintoci amsa ta zo: akwai sabo a kwali, akwai na Beljiyam da aka ciro daga wani inji. Ya ba ni shawarar na Beljiyam, domin a cewarsa sabon kwali yana iya zama jabu, kuma jabun kwayil ba ya cin wata uku. Na tura kuɗi a wurin mai POS da ke tsallaken titi. Za a ba direban motar hayar da za ta Katsina, ya sauke saƙon a Kankiya. In Allah ya yarda, wajen la'asar.

La'asar kuwa ta yi wa ɗaurin aure nisa.

"Gaskiya, Baba, in son samu ne ku bar ta nan ku hau ta haya," in ji bakaniken. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace, kuma ita zan ba duk wanda ya tambaye ni. Sai dai motar Kusada da ke tasha mutum biyu ne a ciki, sai ta cika za ta tashi, gwiwar Kawu kuma ba ta iya zaman babur. Kawu ya dubi rana ya ce, "Ɗana, mutane na can suna jiran mu da amanar aure. In akwai yadda za a lallaɓa ta ba tare da an cuce ta ba, yi mana."

Bakaniken ya yi shiru kaɗan. Sannan ya mayar da mataccen kwayil ɗin mazauninsa na uku, ya sa hannu ƙasa da shi ya zare soket ɗin nozul na wannan silinda, ya naɗe shi da salatif ya ɗaure gefe.

Wannan ɗan aiki na minti ɗaya shi ne bambancin lallaɓawa da ɓarna. Silindan da ba shi da wuta, in dai nozul ɗinsa na aiki, fetur yake sha ba ya ƙonawa. A juyin inji 2,000 cikin minti ɗaya, kowane silinda na karɓar mai sau 1,000. Tafiyar minti 40 ke nan sau 40,000 ana fesa ɗanyen fetur cikin ramin da babu wuta. Wani ya wanke baƙin man da ke shafe a bangon silinda, zobban fistin su riƙa gogar ƙarfe a bushe. Wani ya zurara ƙasa ya tsinka baƙin man inji gaba ɗaya, ya rage masa kauri, metal ɗin kiranshaf su fara cin wuya. Saura kuma ya bi salansa ya tarar da matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, ya kama da wuta a cikinta. Ita dama da zafi take aiki, amma in ɗanyen mai ya dinga ƙonewa a ciki, zafin kan kai ga narkar da saƙar da ke cikinta, ta toshe, mota ta kasa numfashi. Dalilin da ya sa fitilar inji ke ƙyaftawa ke nan maimakon ta tsaya cak: tsayuwa na nufin a duba, ƙyaftawa na nufin ana ɓarna yanzu-yanzu. Wasu motocin kan yanke man silindan da kansu in sun gane yana misin, amma ba duka ba, kuma bakaniken bai yarda ya dogara da zato ba.

Sharuɗɗansa ya lissafa mini a kan yatsu. Kada in kunna na'urar sanyi. Kada in wuce giya ta uku ko ta huɗu, kada kuma in bar injin ya yi nauyi a babbar giya yana gurnani. Idona a kan allurar zafi. In na ji ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe, in kashe nan take ko a ina nake. Na ƙarshen ya maimaita shi sau biyu: "Kada ka wuce kowa, Malam. Ko jaki ne gabanka, bi shi a hankali har ya kauce."

Daga Kankiya zuwa Kusada kilomita 20 ne da 'yan kai, kudu maso gabas, ta hanyar da ta bi ta Ɗangamau. Tashin farko shi ne mai wuya. Mota mai silinda uku ba ta son ƙaramin juyi. In ka saki kuloci yadda ka saba sai ta yi tsalle ta nemi mutuwa. Dole ka ɗan ƙara wuta, ka saki ƙafa sannu a hankali. Da allurar juyi ta haura 2,000 sai rawar ta lafa, ba ta ɓace ba, amma ta koma wani kaɗawa da ake ji a tafin ƙafa da madubin gefe. Kowane tudun rage gudu a bakin ƙauye sabon tashi ne. Ɗan hawan da ke bayan kwalbati, wanda a da ban ma san hawa ba ne, sai da na koma giya ta biyu.

Gudun kilomita 40 a awa yana ba mutum ido. Gero an riga an yanke, damuna a jingine cikin gonaki suna jiran amalanke. Dawa ba ta kai ba tukuna, kawunanta sun yi nauyi sun sunkuya. An tuge gyaɗa an kife ta tana shan rana, mata da yara suna roron wake, wani dattijo a kan tsani yana gyaran jinkar rumbu. Itatuwan gawo sun fara fitar da sabon ganye a daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu. Manoman wannan yanki ba sa sare gawo a gona, domin da damina ba shi da ganyen da zai tare wa shuka rana, abin da ya zubar kuma taki ne. Geron da ke gindinsa ya fi na gefe kyau. Wata amalanken shanu ta fito daga gona ɗauke da kara ta hau titi gabanmu. Na bi ta a baya har mai ita ya waiwayo ya ɗaga mana hannu ya kauce. 'Yan acaɓa ɗauke da mutum uku-uku suna wuce mu suna leƙen motar.

Kawu kuwa tafiyar ta mayar da shi tashar Katsina ta da. Ya ce a zamanin 504 ba direban da zai kama hanya ba tare da gwangwanin fulogi da guntun sanfefa da sifanar fulogi a ƙarƙashin kujera ba. In mota ta fara misin, a faka, a zare wayoyin diskireta ɗaya bayan ɗaya, a fitar da fulogin da ya yi baƙi, a goge, a daidaita bakinsa, a duba kwantak, a busa kafireta, a ci gaba. Launin fulogi ma karatu ne: in ya yi baƙin toka a bushe mai ya yi yawa, in ya yi maiƙo zobe ya saki baƙin mai, in ya yi fari fat inji na zafi, mai lafiya kuwa launin ƙasa-ƙasa yake. "Amma ka sani," ya ce, "ko a lokacin, mai lallaɓawa zuwa gareji daban, mai lallaɓawa ya yi lodi daban. Na farko direba ne. Na biyu Allah ya shirye shi."

Mun shiga Kusada ana kiran salla. Gari ne natsattse, mazaunin hakimi Bebejin Katsina, kuma hedikwatar ƙaramar hukumar da aka ƙirƙiro a 1996, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum kusan dubu 100. Ƙasarta ta miƙa har iyakar Jihar Kano, Yashe da Gidan Mutum Ɗaya da matafiya suka sani a kan babban titi duk a cikinta suke. Allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Na faka a inuwar wata tsamiya na kashe injin, hannuna bai daina jin rawar sitiyari ba sai bayan alwala.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zauna tsakiya, Kawu ya nemi aure a madadin ɗanmu, waliyyin amarya ya bayar, aka ambaci sadaki lakadan, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, goro da alawa suka zaga. Aka kawo shinkafa da miya da fura mai sanyi a ƙwarya.

A wurin cin abincin ne zancen motar ya tashi, domin waɗanda suka ji shigowarmu sun ji yadda take. Cikinsu akwai wani direban haya, matashi mai iyali, wanda ya yi dariya ya ce tasa tun tsakiyar damina take misin, kuma kullum sai ya yi lodi. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yallaɓai, kuɗin da zan sayi kwayil da fulogi, shi zan zuba mai in fita. In na tsaya gyara yau, mi za a ci gobe?"

Ban ga laifinsa a kan kukan da ya yi ba. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Da aka cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a Arewa. Kayan gyara da dala ake shigo da su, sun bi ta sun tashi. Fasinja kuwa ba zai iya biyan ninki biyar ba, don haka abin da direba ke komawa gida da shi ya tsuke. Duk wannan gaskiya ne. Amma lissafinsa bai fita ba, kuma na gaya masa. Motar da ke misin ta fi mai lafiya shan mai, domin kana taka totur fiye da kima don samun ƙarfin da ya ɓace, kwamfutar kuma tana ganin iskar da ba ta ƙone ba a salansa ta ɗauka mai ne ya yi kaɗan, ta ƙara wa sauran. Kuɗin kwayil ɗin da yake gudu yana biyan sa kaɗan-kaɗan a gidan mai kowane mako. Girgizar na cinye robobin da inji ke zaune a kai. Ranar da baƙin man da fetur ya tsinka ya kasa riƙe metal, inji ya buga, to ba maganar kwayil ake ba, maganar sabon inji ake, kuma da yawa daga nan suke barin sana'ar.

Wannan duk asarar dukiya ce, mai ita ya ji da ita. Abin da ya fi damuna shi ne wanda na ɗanɗana da safe a bayan tirela. Motar haya a hanyoyinmu tana ɗaukar mutum biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an danne buhuna da igiya. Inda hanya take falan ɗaya, wuce babbar mota lissafi ne na daƙiƙu: direba ya hango mai zuwa, ya auna tazara da ƙarfin da ya san motarsa na da shi, ya fita. In a tsakiyar wucewar silinda ya yanke, lissafin ya rushe, ga tirela a dama, ga mai zuwa a gaba, ba wurin komawa. Mutanen da ke baya ba su san an yi wannan caca da rayukansu ba. Sun biya kuɗin mota ne kawai.

Ba mu jira an watse ba muka yi sallama. Kankiya da Kusada a da ana ganin suna nesa da fitinar 'yan bindigar da ta addabi yammacin jihar, amma a 'yan shekarun nan ta taɓa ƙauyukansu, kuma mutanen gari da kansu suka ce mana kada mu bari yamma ta yi mana a hanya. Motar da ba ka da tabbacin za ta sake tashi in ta mutu ba abokiyar tafiyar magariba ba ce. Muka koma yadda muka zo, giya ta uku, ido a kan allura.

Saƙon ya riga mu isa. Direban Kano ya miƙa wa ɗan kamasho, ɗan kamasho ya aiko yaro da shi, naɗe cikin guntun kwali an rubuta lambar waya da biro. Bakaniken ya gwada shi da tsohon ya ga bakinsu ɗaya, ya ɗaura. Ya canja fulogi huɗun gaba ɗaya, ya ce ba a sa sabo ɗaya cikin tsofaffi uku. Ya kwance salatif ya mayar da soket ɗin nozul. Sannan ya zaro sandar auna baƙin mai, ya murza a yatsa, ya kai hanci. Ya ce warin fetur kaɗan ne, na ɗan tsakanin da muka yi kafin mu iso wurinsa, amma in na isa Katsina in juye shi kada in jira lokacinsa. Da na murza makulli injin ya tashi sumul. Ya ɗora kofin ruwa a kan murfin inji, ruwan bai ko motsa ba. Kuɗin aikin da ya nema bai kai na man da muka ƙona a hanyar Kusada ba, sai da Kawu ya sa na ƙara masa.

Kirana ga shugabannin ƙungiyar direbobi ne na tashoshin Kankiya da Kusada da Caranci da sauran garuruwan da ke kan wannan hanya. Ku kuke rubuta layi, ku kuke karɓar kuɗin tasha, kuma a cikinku babu wanda ba zai gane mota mai misin daga tayarwar farko ba. Kada a yi mata lodi sai an gyara, in ya so a taimaka wa mai ita da rance daga asusun ƙungiya ya biya a hankali. Kai kuma fasinja, in ka shiga mota ka ji tana karkarwa a tsaye, salansa na yankewa, ga warin ɗanyen mai, ka tambayi direba tun ba a bar tasha ba. In amsarsa ita ce za a lallaɓa, karɓi kuɗinka ka jira ta gaba.